Tunkiyar da Inna ta bar miki

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya yara, yaya ƙafar Alhaji? Mu nan Dabawa lafiya.

Tunkiyar da Inna ta bar miki ta mutu. Rago na sayo a Kurfi, na haɗa shi da garke ranar. Da majina ta fara zubo mata, na ce tsutsar hanci ce, na shaƙa mata garin taba. Ni da na tara garke da hannuna, wa zai koya mini? Ashe ciwon huhu ragon ya kawo. Likitan dabbobi ya ce da an yi mata allura da wuri, da ta tashi.

Ɗanta na nan, ni nake ba shi madara. Naki ne.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani