Zakaran Ingila a Gidan Hajiya Ruwaida

Rillieux-la-Pape, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Fatsima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? An ce mini ta koma taka sayyada har kasuwar Dole, ki ce mata labari ya iso Lyon kuma ban ji daɗi ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Za ki yi mamakin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Abin da ke raina ne ya ƙi fitowa ta baki. Kin san yadda Inna ta rene mu a Damagaram: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa gaban mutane, ko lafiyarta sai a kaikaice ake tambaya. To alƙalami ba shi da kunya. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki karanta ke kaɗai.

Maganar yarinyar nan ce. Kin dai san tun yaye Hajiya Ruwaida, gwaggon maigidana Maazou, ta zo ta ɗauke ta zuwa gidanta a La Courneuve, can gefen Paris. Lokacin ba mu samu wuri a gidan renon yara ba, ni kuma ina labo, ɗakin gwaje-gwaje, tun safe har yamma saboda binciken digirina. Aka ce ta ɗan kwana biyu har ta manta nono. Ga shi yau har ta shiga lakwal, makarantar boko, a can.

Ranar Lahadi muka kira su ta bidiyo. Ina gefe ina tsinke alayyafo kamar ba ruwana, amma kunnena yana wurin. Yarinyar ta ɗauko farantin nan na Hajiya mai zanen zakara tana nuna wa ubanta. Maazou ya tambaye ta yaya zakara ke cara. Ni na ɗauka za ta ce kukuruku irin namu, ko kokoriko irin na lakwal. Sai ta riƙe ƙugu, ta kaɗa gwiwar hannu, ta miƙe wuya ta rangaɗa wani abu wai kokaduduldu. Kafin ta rufe baki Hajiya ta fizge wayar, ta ce caji ya ƙare. Maazou ya yi wata dariyar yaƙe, ya tashi wai zai yi alwala, alhali lokacin salla da saura.

Washegari wajen cin abincin rana na kwaikwaya wa Claire, abokiyar aikina, wadda uwarta 'yar Ingila ce. Ta yi dariya har kofi ya sarƙe ta, sannan ta rubuta mini shi a bayan wata takarda: cock-a-doodle-doo. Ta ce haka kunnen Ingilishi ke jin zakara, kuma kalmar tsohuwa ce, ta haura shekara ɗari huɗu a littattafansu. Ta ce ba kamar kokorikon Faransawa ba ne, da za ki ji gardi da gemunsa yana ihunsa in sun ci ƙwallo. Su can sai wajen yara ake jin ta, a waƙoƙin reno da wasan kan cinya. Ta ce yaro a Paris ba ya tsintar wannan a hanya, sai dai in akwai mai zama da shi yana koya masa, har da kaɗa hannun.

To Yaya, wa ke jin Ingilishi a gidan Hajiya? Ita ko Faransancin nata na cinikin tumatir ne. Talabijin ɗinta ba ya barin tashar wa'azi. Na tambayi Maazou, ya ce wataƙila a waya ta gani, kuma in daina neman magana. Wace waya? Wadda Hajiya ke ƙullewa a bakin zane?

Ruwa ba ya tsami banza. Amma ban san abin da nake tsoro ba. Ki gaishe da Inna, amma kada ki faɗa mata komai.

Taki har kullum,
Hamdiya

Rillieux-la-Pape, 30 ga Oktoba

Yaya Fatsima,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fatan zazzaɓin autarki ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi. A gaida Malam.

Na ga amsarki. Kin ce in ji tsoron Allah, zato zunubi ne, wai don yarinya ta yi carar zakara zan tayar da hankalina. Na gode da wa'azi. Yanzu ki saurari abin da zaton nawa ya gano.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris ban sanar da kowa a can ba. Na ce wa Maazou daddawa da kuka sun ƙare, zan je kasuwar 'yan Afirka ta Goutte d'Or in sayo. Na saya ɗin kuwa, don kada in yi ƙarya, daga nan na zarce gidan Hajiya. Wa kike tsammani ta buɗe mini ƙofa? Raliatou, 'yar Hajiya da ke aure a Manchester ta Ingila, wadda ta shekara goma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ashe tun ƙarshen hutun bazara tana nan. Duk kiran da muke yi ba wanda ya taɓa ambatonta, kuma ba ta taɓa giftawa ta gaban waya ba. Mutum ya zo ganin uwarsa, mene ne abin ɓoyewa?

Na tarar da baƙi mata biyu a falo, sai na zauna na gaida kowa yadda ya kamata. Yarinyar tana kan cinyar Raliatou, an yi mata kitso ƙanana, an sa mata lalle. Da Ingilishi take yi mata magana, ita kuma tana gyaɗa kai, ta gane sarai. Can ta sauko ta zo ta dafa gwiwata tana kallon fuskata. Yaya, wallahi kamar in sure ta in ruga. Amma ga idon mutane. Na kau da kai na ce ta je wajen Hajiya. Matan nan suka yi ta yaba mini, wai har yanzu akwai masu alkunya a ƙasar Turawa. Yabon nan ɗaci ya yi mini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kirkin Raliatou. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma har ƙasa ta durƙusa ta miƙo mini ruwa. Ta ba ni turare da atamfa mai tsada, ba Salla ba, ba suna ba. Ba ta iya haɗa ido da ni. Da na shiga ɗaki yin salla na ga sabon ƙaramin akwati a saman kabad, da wata rigar sanyi mai kauri ta yara, ko takardar jikinta ba a cire ba. Da zan tafi Hajiya ta rako ni har bakin matakala, abin da ba ta taɓa yi ba, tana ta faɗin ɗa na kowa ne, kuma mu yara ne, Allah zai ba mu wasu masu albarka. Tana faɗa tana duban cikina.

Na dawo na tambayi Maazou ko ya san Raliatou na Paris. Ya ce af, ya manta bai faɗa mini ba. Mutumin da ko canjin labulen Hajiya sai ya ba ni labari! Yanzu kuma in wayarsa ta yi ƙara sai ya fita baranda cikin wannan sanyi, ya ja ƙofa. Biri ya yi kama da mutum. Ina jin so suke su ba Raliatou riƙonta, ta ƙetare teku da ita, inda ko ganinta sai na nemi biza.

Kuma ke ma, Yaya, ki yi haƙuri, ban gama yarda da ke ba. Me ya sa makon jiya Inna ta tsare ni a waya tana yi mini nasiha a kan zumunci da kawaici, ba tare da na yi laifin komai ba? Me ya sa amsarki ta zo da sauri haka, kamar dama a shirye take? Don girman Allah ki faɗa mini gaskiya: Hajiya ta kira Inna ko ba ta kira ba?

Ina jiran ki.

Ƙanwarki,
Hamdiya

Rillieux-la-Pape, 21 ga Nuwamba

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Malam da yara duka. Allah ya saka miki da alheri da kika faɗa mini gaskiya, ko da ta zo a makare. Na yi fushi da ke kwana biyu, yanzu ya wuce. Na san ba ki iya tsallake maganar Inna. Ita ma da ta ce wa Hajiya "ku ne da ita", abin da aka koya mata ta faɗa.

Da na karanta saƙonki na tsare Maazou. Bai yi musu ba. Ya ce Hajiya ce ta riƙe shi lokacin da ya zo ƙasar nan ba shi da kowa, ba shi da bakin da zai ce mata a'a. Ya ce an gama magana, sa hannuna kawai ya rage, suna jira in kare digirina gaban malamai sannan a gaya mini, don kada hankalina ya rabu. Kin ji masu tausayi. Na yi masa tas, ban rage komai ba. Ya bari na gama, sannan ya ce shi wallahi ya ɗauka ban damu ba. Ya ce tunda aka tafi da ita ban taɓa cewa a dawo da ita ba, in ya ce mu je Paris sai in ce yadda ya gani, in an kira su sai in koma gefe da alayyafona. Yaya, wannan magana ta fi mari zafi, don ban sami inda zan ƙaryata shi ba. Ni ina can ina ƙonewa a ciki ina tsammanin kowa ya sani, ashe kunyar da nake taƙama da ita suka karanta a matsayin na sallama.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar na koma La Courneuve, shi kuma ya biyo ni kamar wanda za a kai wa alƙali. Muka tarar da falo cike, ranar karatun matan unguwa ce. Na so in jira su watse, sai na ga in na jira zan sake yin shiru. Na durƙusa gaban Hajiya, na gode mata a kan wahalar da ta sha, na ce na zo ne a kan maganar yarinya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wace yarinya? Ke da ko sunanta ba ki taɓa kira ba?"

"Balkissa," na ce. "Balkissa 'yata ce, Hajiya. Ban bayar ba, kuma yau zan tafi da ita."

Wata tsohuwa ta kama salati. Hajiya ta ce lallai boko ya gama da ni, ta juya ga Maazou tana jiran ya tsawata mini. Ya sunkuyar da kai, ya ce ai ni ce uwarta. Iyakar abin da ya iya ke nan, amma na karɓa. Raliatou ta tashi ta shiga ɗaki, ta sauko da sabon akwatin nan, ta shirya kayan da hannunta, har da rigar sanyin. Ta sa wa Balkissa takalmi, ta ce mata za ta je yawo da Tanti. Tanti ni ce, Yaya. Haka aka koya mata, kuma ban taɓa gyarawa ba.

Na ɗauka in na shigo gida da ita shi ke nan na yi nasara. A jirgi ba ta yi kuka ba, ta manne da taga, sau ɗaya ta tambaye ni yaushe Mami, wato Raliatou, za ta zo. Da muka iso ta ƙi cin abinci. Na dama koko, ta kau da kai. Na yi shinkafa da miya, na yi taliya, na sayo irin abin da yaran Turawa ke so, ko kallo bai ishe ta ba. Ruwa kawai take kurɓa. Ranar Litinin na ga idanunta sun faɗa, na tsaya a tsakiyar kicin na gane ban san abin da 'yata take ci ba.

Hajiya ba ta ɗaukar wayata, ban kuma ga laifinta ba. Na daɗe ina juya wayar a hannu kafin na kira Raliatou, matar da na yi wata guda ina kwana da haushinta. Ko gama ƙara ba ta yi ba ta ɗauka, kamar dama tana riƙe da ita. Ban gama bayani ba ta ce ta ƙi cin abinci ko. Muryarta a dishe. Ta ce in cire wa burodi ɓawonsa, in yanka ƙanana, in zuba madara mai ɗumi ba mai zafi ba, da ɗan zuma. Ta ce ƙaramin cokalinta yana aljihun akwati na gefe, ta sa shi don ta san za a nema. Ta ce kuma kada in tsare ta da ido, ba ta cin abinci in ana kallonta. Na ce ko in ba ta su gaisa. Ta ce a'a, in ta ji muryarta yanzu ba za ta saba da ni ba. Na yi zargin mutane da yawa a wannan wata, kuma zargina ya tabbata, amma wannan baiwar Allah ban san inda zan ajiye ta a zuciyata ba.

Na yi yadda ta ce. Na ajiye kwanon, na juya baya ina wanke tukunyar da take a wanke. Can sai na ji ƙarar cokali. Ta ci fiye da rabi, Yaya. Ni kuwa ina tsaye ina kuka a kan tukunya, ban isa in waiwaya ba.

Gobe zan kai ta lakwal ɗin unguwarmu a rubuta ta. Ki faɗa wa Inna duk abin da ya faru, kada ki rage, ki ce ta yafe mini in na ba ta kunya. Ki sa Raliatou a addu'a.

Wassalam. Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hamdiya