Mai Riƙon Kyamara

Payakumbuh, 4 ga Maris, 2012

Zuwa ga ƙanena Afrizal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Rina da yara. Ya aikin masana'anta?

Makwabcinmu Pak Bustami zai kawo maka kwali tare da wannan takarda. A ciki akwai kyamarar mahaifinmu marigayi Abak, da gwangwanin biskit ɗin da yake tara kaset ɗinsa, da naman rendang ɗin da mahaifiyarmu Amak ta tsaya a kaina na dafa maka.

Mun mayar da Amak wurin likitan ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ciwon suga yana cinsa a hankali. Likita bai faɗi lokaci ba, ni ma ban tambaya ba. Muna dawowa a mota Amak ta ce abu ɗaya take so kafin hasken ya ƙare, ta ga fuskar mahaifinmu tana motsi. Hoton da ke bango na katin shaida ne. Ta ce wannan ba mijinta ba ne, wani ne da aka tsorata.

Kyamarar ba ta kunnuwa a nan. Kai ka san kan kayan lantarki, ka juye kaset ɗin a kwamfuta ka aiko mana a faifai.

Kada ka ɗauko maganar a waya. Ido ne ya tafi, kunne yana nan daram. Ka rubuto.

Yayarka,
Yusnidar

Batam, 25 ga Maris

Uni,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Rendang ya iso, yara sun gama da shi kafin in dawo daga aiki.

Kin ce na san kan kayan lantarki. Uni yayata, aikina ɗaura dunƙulen waya a bayan firji, shekara goma sha ɗaya ke nan. Amma na yi abin da zan iya. Batirin ya mutu, na samo caja a kasuwar tsofaffin kaya. Wayar da ke haɗa kyamara da kwamfuta ba ta da wurin shiga a tawa, an daina yin irin ramin. Sai da na je shagon Koh Ahong mai gyara, ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur ya ce in riƙa zuwa ran Lahadi.

Danshin damina ya shiga gwangwanin. Kaset biyu sun yi hunhuna fari fat, Koh Ahong ya ce kada in saka su, za su kashe kyamarar. Sauran muna gogewa da auduga.

Ga abin da ban sani ba da: ba a juye kaset da sauri. Sai ya yi ta tafiya kana zaune kana kallo, daga farko har ƙarshe. Na kalli auren 'ya'yan Kawu Datuak, yayan Amak, duka uku. Na kalli naɗin sarautarsa. Na kalli saukar karatuna. Kowa ya fito, har akuyar da aka yanka. Abak bai fito ba ko sau ɗaya.

Shi ke riƙe da kyamarar, Uni. Kin san yadda abin yake a wurinmu: gida na mace ne da danginta, miji baƙo ne ko ya shekara arba'in a ciki. Ran biki 'yan'uwan Amak ke zama a kan tabarmar gaba. A kaset ɗaya ma ana jin Kawu yana cewa, "A ba surukin gida abin ɗaukar hoto, ya samu abin yi." Ana jin Abak ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci.

Af, har yanzu Kawu yana mitar takalminsa da aka sace ran aurenki?

A gaida Amak da mijinki Uda Herman.

Afrizal

Payakumbuh, 9 ga Afrilu

Afrizal,

Assalamu alaikum. Takardarka ta same ni, na karanta ta a makaranta lokacin tara.

Ban ji daɗin yadda ka yi maganar Kawu ba. Haka aka taso, kuma ba a taɓa jin Abak ya koka ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, makon jiya an yi suna a gidan Etek ƙanwar Amak, na waiga na ga mijina a bakin ƙofa yana ɗaukar mutane hoto da wayarsa. Abincin bai shiga min ba.

Maganar takalmi kuwa tana nan. Jiya ma ya zo duba Amak ya sake ta tun daga tushe: na fata ne, ɗinkin hannu, kuma shi da sarautarsa ya koma gida da silifas ɗin banɗaki.

Amak ta fara jawo kujerarta har gaban talabijin. Kullum da safe sai ta tambaya ko saƙon Batam ya zo. Na ce mata aikin yana da cin rai. Ta ce, "Ko ƙeyarsa ce, a nuna min."

Na gaji, Afrizal. Ka duba sauran da kyau. Ko a madubi, ko a gilashin taga.

Yayarka,
Yusnidar

Batam, 29 ga Afrilu

Uni,

Wa alaikumus salam. Na gama. Na duba madubi, na duba taga, na duba har bayan cokali. Babu.

Kaset na ƙarshe na aurenki ne, kuma sai kin yi haƙuri. Abak ya rikita madannin. In ya danna don ya ɗauka, kashewa yake. In ya danna don ya kashe, sai ta fara ɗauka. Babu ɗaurin aure, babu ke a cikin kwalliya. Daɓe ne kawai, da gefen tabarma, da ƙafafun mutane. Koh Ahong ya yi dariya har da tari, ya ce rabin kaset ɗin da ake kawo masa haka suke, iyaye maza duk ɗaya ne.

Can wajen tsakiya Abak ya sauko ta matakalar gaba, inda baƙi suka tara takalma. Ya zagaya bayan gida, kyamara tana lilo a hannunsa, ya zauna a matakalar kicin ya ajiye ta a ƙasa. Abin da ake gani: ƙafafunsa cikin takalmin da ya yi masa yawa, da hannunsa, da faranti. Yana ci shi kaɗai, kiɗa na tashi daga gaba.

Sai ga ƙafafun Amak. Ta ce, "A nan ka ɓuya?"

Ya ce, "Nan ne ba mai cewa in matsa."

Ta ce, "To matsa."

Ta zauna. Ta yi masa faɗan shayi mai suga, ya ce ranar auren 'yarsa ce. Ta tambaya ko abin nan a kashe yake, ya ce shi da kansa ya kashe. Daga nan suka rage murya, ban ji me suka ce ba, sai dariyarsu. Sun daɗe a haka.

Ana gama juyewa kyamarar ta tauna kaset ɗin. Ba za ta sake kunnuwa ba, amma komai ya shiga kwamfuta.

Ga faifan nan. Fuska ta roƙa, ƙafa na samo. In kin ga zai ƙara mata ciwo, ki ce mata hunhuna ta cinye duka, ni zan ɗauki laifin.

Ƙanenki,
Afrizal

Payakumbuh, 8 ga Mayu

Afrizal,

Assalamu alaikum. Na saka mata bayan la'asar. Na faɗa mata gaskiya tun farko, cewa babu fuska.

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Da aka zo matakalar kicin ta sa na tsayar, ta daɗe tana kallo da idon daman. Sai ta ce, "Ka ga ɓarawon."

Takalmin Kawu ne, Afrizal. Da sauri ya zura su bai duba ba. Abin da suke raɗa ke nan. Kafin su tashi Kawu ya riga ya tara jama'a yana neman ɓarawo, sai Amak ta jefa su a kududdufin kifinmu na baya.

Rabon da in ji ta yi dariya haka tun kafin rasuwar. Daga baya ta yi kuka kaɗan, ta ce a mayar daga farko. Karo na biyu ido a rufe ta saurara.

Ta ce in gode maka, kuma in adana faifan da kyau. Kawu zai zo gaisuwar salla, tana so a ba shi kujerar gaba.

Yayarka,
Yusnidar