Mutanen Ansley Sun Daina Zagin Baba

Tolliver, ranar Lahadi, cikin watan Oktoba

Zuwa ga ƙanena Royce,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Corinne da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Alaska da na ji an ce ya fara tun yanzu. Mu nan sai godiya. Mijina Merle yana nan da ciwon gwiwarsa, yana shan magani yana mita. 'Yarmu Junie ta samu aikin jinya a asibitin gari, sai ka ga yadda take tafiya da farin takalmi kamar ita ta gina wurin. Gwaggo Opal ta zame a banɗaki watan jiya, amma ba ta karye ba, bakinta kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Baba ne dalilin da ya sa na ɗauki biro maimakon in buga maka waya, don na san halinka, a waya "to, to" za ka yi ta ce mini har in gaji in ajiye.

Na san labari ya kai maka cewa ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta jami'ar garinmu ta haura babban rukuni daga bana. An yi murna kamar garin zai tsage, aka cika tituna da jajayen tutoci, har fasto ya sa abin cikin addu'ar Lahadi. Abin da ba a faɗa da ƙarfi a ranar ba shi ne, wasanmu da jami'arku ta Ansley, ta tsallaken kogi, ya mutu ke nan, wasan da kakanninmu ma tarar da shi suka yi. An aika musu da tayi, wai su riƙa zuwa filinmu kowace shekara ana biyansu, amma mu ba za mu ƙara taka nasu ba, don ya yi wa masu talabijin ƙanƙanta. Suka ce su ba akuya ba ne da za a saya a yanka a gaban jama'a. Ban ga laifinsu ba, amma kada ka gaya wa kowa na faɗa.

To, sai hukumar sabon rukunin ta ce kowace sabuwar ƙungiya dole ta samu abokiyar hamayya ta musamman, wadda za su riƙa rufe kakar wasa da ita. Aka kafa kwamiti, aka sa Merle a ciki, tun daga ranar kuma ya fara ɗaura taye a wuya yana zuwa cin abinci. Suka kira taron gari a babban zauren jami'a. Wani saurayi daga kamfanin da aka ɗauko ya tsaya yana haska mana hotuna a bango, yana bayanin wace ƙungiya ce ta fi dacewa mu tsana. Bakinsa na zuba zuma, ban hana shi ba. Ya ce Port Sabel ce ta fi, wata jami'a can bakin teku, tafiyar kwana biyu a mota, wai girmanmu ɗaya, kuma mu muna da kogi su suna da teku, ke nan ruwa ya haɗa mu. Har kofin da za a riƙa ci sun riga sun sa an sassaƙa, wani filafilin kwalekwale mai ƙyalli, alhali ko sau ɗaya ba mu taɓa haɗuwa da mutanen nan a fili ba. Ni dai ina zaune kunya ta ishe ni.

Baba ya ɗaga hannu, aka miƙa masa abin magana, ya tashi da ƙyar yana dafa kujerar gaba. Ya ce, "Yaro, ni tambaya gare ni. Wa ya taɓa sace mana alfadarin da muke fitowa da shi fili ranar wasa a cikinsu, kamar yadda 'yan Ansley suka yi? Wa ya taɓa shafa wa gunkin wanda ya kafa makarantarmu koren fenti? Akwai wanda ya auri 'yarmu? To ta ina zan fara zagin mutumin da ban san uwarsa ba?" Zauren ya fashe da dariya, aka yi ta tafi, shugaban taro ya dubi Baba ya ce Allah ya bar mana irin su dattijo Hollis. Daga nan aka jefa ƙuri'a, Port Sabel ta ci da rinjaye, Merle ma ita ya zaɓa. Baba bai yi wannan magana don a yi dariya ba, Royce, na ga fuskarsa lokacin da ya zauna. A mota Merle ya yi ta ba shi baki, wai gari zai ci gaba, otal-otal za su cika, yara za su samu aiki. Gaskiya ce duk, na sani.

Yanzu bari in faɗi abin da ba a faɗa a gidanmu. Tun ranar da jami'ar Tolliver ta ƙi ɗaukarka, Ansley ta ba ka gurbi ka tsallaka kogi ka sa koriyar riga, kai da Baba ba ku da wata hira sai ta wasan nan. Shekara guda ya yi bai yi maka magana ba. Ranar da ya buɗe baki kuwa a bakin fili ne, ya ce da kai gudunka kamar na saniya mai ciki, kai kuma ka ce masa ƙungiyarsa ko asibitin tsofaffi ba za ta ci ba. Mama ta koma bayan mota ta yi kuka don daɗi, ta san an shirya. Tun daga nan, sau ɗaya kake zuwa gida a shekara, Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na watan Nuwamba, ku tsaya a bayan motarsa kuna gasa haƙarƙari kuna cin mutuncin juna daga safe har a busa tashi. Ba ka taɓa cewa don shi ka zo ba, shi ma bai taɓa cewa ya yi kewarka ba. Ni da Mama mun bar ku, tunda hanyar da kuka iya ke nan. Mama ta tafi gidan gaskiya, ga shi wasan ma ya tafi, ni kuma tsoro ya kama ni.

Asabar ɗin makon jiya na je kai masa burodin masara da wake, na tarar ba mota, ba shi. Ashe Ansley na da wasa a gida da wata ƙaramar ƙungiya, shi ne ya sa tsohuwar jar rigarsa da jar hula, ya tuƙa kansa ya haye gada, alhali likita ya hana shi tuƙi mai nisa saboda zuciyarsa. Ya sayi tikiti ya shiga tsakiyar magoya bayanku ya zauna, shi kaɗai ja a cikin kore. Ka san da can abin da zai faru: kafin ya zauna an jefe shi da ɓawon gyaɗa, an rera masa waƙar nan ta alfadarin Tolliver, shi kuma ya tashi ya rama har muryarsa ta dushe. Abin da ya je nema ke nan. Virgil Tackett, tsohon abokin faɗansa ɗan Ansley mai shagon taya, shi ya ba ni labarin sauran da na kira shi daga baya. Ya ce Baba na shiga aka matsa aka ba shi wuri. Wata mata ta ara masa matashin zama, wani yaro ya sayo masa kofi mai zafi. Da ya ɗaga murya ya ce mai jefa ƙwallonku ko ƙofar rumbu ba zai samu ba, sai mutane suka yi murmushi suka ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, ai ku yanzu manya ne, Allah ya ba ku sa'a can sama. Virgil ya ce shi kansa ya buɗe baki zai zage shi, ya ga ba dalili, sai ya tambaye shi ya jiki.

Bai jira an gama wasa ba. Ina tsaye a barandarsa hankalina a tashe ya shigo da mota, na shirya masa faɗa cike da baki, da na ga yadda ya fito sai na haɗiye. Ya zauna a kan matakala, ya cire hular ya riƙe. Ya ce, "Nadine, sun daina zagina. Kofi suka ba ni, sai ka ce baƙo." Na ce masa ai girmamawa ce. Ya girgiza kai. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To shi wancan ɗan koren, me zai zo yi bana?" Na shiga na ɗumama waken, bai ci ba.

Ba na son in tsorata ka, amma ba zan ɓoye maka ba. Likita ya ƙara masa magani, ƙafafunsa suna kumbura, daga ɗaki zuwa akwatin wasiƙu sai ya tsaya ya huta. Ya daina kunna rediyo ranar wasa. Merle ya kawo masa sabuwar rigar da aka buga ta "A Kayar Da Port Sabel", yana nan ya shimfiɗa wa kare. Abin da nake roƙonka shi ne ka zo a Asabar ɗin da ka saba, ko da babu wasa. Na san jirgi ba arha, na san aiki ya yi maka yawa, na kuma san za ka ce zuwa ba dalili zai sa ku zauna kuna kallon bango. To ka nemo dalili a hanya. Ka ce shingensa ya karkace, ka ce naman da yake gasawa bai taɓa nuna ba, ka ce sun gudu sama ne don tsoronku. Abu ɗaya kawai, don Allah kada ka zo ka yi masa ladabi, kada ka riƙe masa hannu a matakala kana tambayarsa ya jiki. Wannan aikina ne, ina yi kullum, kuma ya gaji da shi.

Ka gaida Corinne da kyau, ka ce na gode da kifin da ta aiko. Ka shafa mini kan Tess da Wyatt, ka ce Gwaggo Nadine tana jiran hoton makaranta. Merle yana gaishe ka, Junie ma, Gwaggo Opal ta ce ka aske gemun nan kafin ta mutu. Ɗazu bayan coci na gaya wa Baba ina rubuto maka, na riƙe biro ina jiran baƙar maganar da ya saba ba ni in sa maka a ƙarshe. Sai ya ce, "Ki gaishe shi kawai. Ki ce ya kula da kansa."

Ka zo, Royce.

Yayarka,
Nadine