Abba Ya Tafi Tseren

Umma,

Akwai kwalin sabon takalmi a bayan firij, babu komai a ciki. Abba ya tafi tseren kilomita ashirin da ɗayan nan da ya ce miki ya fasa.

Da asuba na tarar da shi a falo yana maƙala lamba a rigarsa. Kin san atisayen nasa, in ya fita yau sai ya yi mako yana jinyar gwiwa. Na ce, "Abba, likita fa?" Ya ce, "Shi ma ai tumbi gare shi. Yaran ofis ba za su mayar da ni tsoho ba."

Ya bar maganin hawan jininsa kusa da butar shayi. Na ɗauka, zan jira shi inda ake ba su ruwa. Don Allah kada ki kira shi, faɗa zai ƙara tunzura shi. Ki dai riƙe wayarki a hannu.

Na kasa tare ƙofar, Umma. Ya tsaya ya dubi ɗakinki, sannan ya ɗauki takalman a hannu ya fita da safa.