Itacen Madam Ya Ƙi Jidda

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Madam, matar kafilina, wato maigidana a nan Jidda, ta kawo shuka biyu daga Turkiyya, ta danƙa min a lambu. Amarilis kamar albasarka take, ruwa kaɗan na ba ta, ta yi jan fure. Kotoniyasta kuwa itacen ƙasar sanyi ne. Na yi masa rumfa, har ƙanƙara na sa masa, ganye sai zuba yake. Kuma shi Madam take so! Ta ce in ya mutu, halas, shi ke nan, ba sabunta min iƙama, wato takardar izinin zama.

Jiya na kankare ɓawonsa, ba sauran ɗanye.

Ka sa ni a addu'a. Gaida Inna, amma kada ta ji. Ka rage min gefe a fadama.

Ƙaninka,
Habu