Kwalbar da ta Fasa Kan Anand

Litinin. Aikin farko: kankare jinin da ya shiga tsakanin katakan dandamali.

Anti Verna, kullum ina karanta shawarwarinki a jarida, ki taimake ni. Layin da ke sama shi na rubuta yau da safe a littafin da nake rubuta al'amurana na kullum, na ɗauki bokiti da buroshi, na kasa durƙusawa. Shi ya sa na zauna nake rubuto miki.

Shekaruna arba'in da biyu. Ni ke kula da kayan wasa a wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo a nan San Fernando. Bara muka samu lasisin sayar da giya bayan doguwar wahala, kuma gaskiya shi ya hana a rufe mu, don kuɗin tikiti ko wutar lantarki ba ya biya. Sharaɗin lasisin a fili yake: a sha a kofin takarda, kwalba ba ta wuce ƙofar mashaya.

Amma kin san al'adarmu. Ranar buɗe sabon wasa, wanda ya fi kowa shekaru yakan fasa sabuwar kwalbar giyar rake, ya zuba cikin murfi ɗaya a kusurwar dandamali saboda 'yan wasan da suka mutu. Babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin karya doka. Baba Hollis ne ya zuba ranar Lahadin makon jiya da yamma, tsoho ne mai rawar hannu. Ana ta kiransa ya sa kaya, sai ya dire kwalbar a teburina, kusa da kwalbar sukari, wato kwalbar bogi da nake ƙerawa da kaina da narkakken sukari, wadda ake fasa wa mutum a ka cikin wasa ba ta ji masa ciwo. Kamarsu ɗaya, ni na yi ta haka, har ina alfahari. Na duba teburin nan kamar yadda na saba, amma kafin a yi zubin. Kullum ina tambayar kaina me ya hana ni sake dubawa.

A wurin faɗan da ke tsakiyar wasan, ɗan wasanmu Dexter ya ɗauki kwalbar giyar a zaton ta sukari ce, ya sheme abokin wasansa Anand da ita iya ƙarfinsa, yadda aka koya masa. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Anand ya zube, jini na tsartuwa ta bayan kunnensa, ƙafarsa na shure-shure, 'yan kallo kuwa suka miƙe suna tafi. Wata mata har tana ihu wai a ƙara masa. Sai da yayyen Anand biyu da ke cikin 'yan kallo suka ga jinin ya gangaro har bakin dandamali sannan suka haura. Suka danne Dexter, suka karya masa muƙamuƙi da ƙafar kujera, haƙoransa biyu ni na tsince su. Daga nan waɗanda suka sha suka shiga, kujeru na tashi sama, aka fasa wa mai karɓar tikiti hanci. Anand yana asibiti, ya farfaɗo, amma maganarsa ba ta fita daidai. 'Ya'yansa uku.

Ranar Alhamis kwamitin lasisi zai zauna, kuma ni za a tambaya yadda kwalba ta shiga. Shugabarmu, Madam Sookdeo, ta ce in faɗa musu wani ɗan kallo ne ya ɓoyo ta daga waje. Ta ce min, “Kai da sanyin jikinka, in ka buɗe baki aka ƙwace lasisi, kai za ka ciyar da mutanen nan? Da sukarin naka?” Ba muguwa ba ce, gidanta ta jinginar saboda wurin nan.

Shekaranjiya kuma Vishnu, babban wan Anand, ya same ni a ɗakin kaya da adda. Ya mare ni da faɗinta a kafaɗa, har yanzu shatin yana nan, ya sari teburina ya rabe biyu. Ya ce, “Malam mai rubuce-rubuce, suna kawai nake so. Wa ya ajiye ta? In ba ka tuna ba, zan ɗauka kai ne.” Na ce ban sani ba. Baba Hollis ko mari ɗaya ba zai ɗauka ba.

In na faɗi gaskiya, lasisi na iya tafiya, tsohon kuma na iya mutuwa. In na yi ƙarya, an ce inshora ba za ta ba Anand komai ba tunda laifin na ɗan waje ne. Wataƙila ma duk laifina ne, ban sani ba.

Abin da ya rage na gobe:
- jinin dandamali
- gyaran teburi
- mayar wa matar Dexter haƙoransa
- abin da zan faɗa ranar Alhamis

Mai Kwalbar Sukari

Ɗana Mai Kwalbar Sukari,

Ajiye buroshin nan. Kada ka wanke komai, kada ka gyara teburin, sai 'yan sanda sun gani sun ɗauki hoto. Yau ɗin nan ka je ka nuna musu kafaɗarka. Na san zafin da ke cin Vishnu, ƙaninsa ne kwance, amma wanda ya ɗaga adda sau ɗaya zai sake ɗagawa, kuma shirunka ba ya kare kowa.

Daga can ka wuce wurin Baba Hollis. Ka gaya masa abin da za ka faɗa, a kai shi gidan dangi a wani gari har ƙura ta lafa. Ina zaton shi ma ba ya barci, kuma zai fi so ya faɗa da bakinsa.

Tsoron Madam Sookdeo na gaskiya ne, abincin mutane da yawa na rataye da takardar nan. Amma duk 'yan wasanku sun tsaya sun ga zubin. Ɗaya ya yi magana, ƙaryar ta rushe, kuma kwamitin da zai iya sassauta wa kuskure ba zai sassauta wa yaudara ba. Ku je da gaskiya da kuma gyara a hannu: a riƙa zubo giyar matattu a ƙoƙo tun daga mashaya, kwalbar sukari kuma ta zauna a hannunka har lokacin da za a fasa ta. Ba zan yi maka alkawarin lasisin zai tsira ba. Ana iya dakatar da shi, ku sha wuya. Lasisi dai ana sake nema, 'ya'yan Anand kuwa ba su da wani uban.

Batun laifinka, ka duba teburinka yadda ka saba, wani ya zo bayanka. Ka faɗi hakan yadda yake, kada ka ƙara wa kanka, kada ka rage.

Na karanta jerin ayyukanka na gobe, ban ga asibiti a ciki ba. Ka sa shi a sama. Ka je ka zauna kusa da Anand ko da ba zai iya amsa maka ba, daga nan za ka san abin da za ka faɗa ranar Alhamis. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya tsare ka.

Anti Verna