Dabinon Inna a Cikin Kwalba

Sabon Garin Jega,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Iklima da yara. Allah ya ƙara maku lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya sa zaman Kumasi ya ci gaba da karɓar ku. Mu nan sai godiya. Ciwon gwiwata ya yi sauƙi tun da ruwa ya ɗauke, Altine ta sauka lafiya an samu namiji, an sa masa Waliyyu. Yaya Magaji yana can Kimba yana fama da dashen albasa, ƙarfinsa ya ragu amma faɗansa yana nan yadda ka bar shi. Ɗiyarka Fadila kuma tana Aliero wajen karatunta, kuma a kanta ne rabin maganar da zan yi maka.

Ka sha tambayata a waya me ya sa aka daina aiko maka da dabinon Inna, ni kuma ina ta kewaye-kewaye, yau in ce bai yi kyau ba, gobe in ce direba ya manta. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Lawali direban albasa ya kawo maka. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci. Dabinon nan da Inna ta taso da shi daga gidansu na Maiyama tana amarya, ta dasa a bakin rijiyar garka, ya faɗi. Iskar farkon daminar bara ce ta kayar da shi. Amma kada ka yi saurin salati, akwai sauran labari.

Tun kafin ya faɗi mun san kwanansa ya ƙare. Tsutsa ta shiga zuciyarsa, ganye yana bushewa daga sama, ga tsufa. Ka san kuma ya daɗe da daina fitar da 'ya'yan dashe a gindi, waɗanda ya yi da ƙuruciya duk Inna ta rabar, ambaliya ta cinye su a gonakin mutane. Ƙwallonsa kuwa Yaya ya shuka ya gaji: wasu su fito maza, wasu su yi 'ya'ya masu bauri da ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci. To ana nan sai Fadila ta zo hutu, ta ce a wajen karatunsu akwai hanyar da ake raya itace daga ɗan yankinsa, ba ƙwallo ba reshe. Ta roƙi Baffanta, Yaya Magaji, ya bari a yanko hudar dabinon tun tana cikin kubenta ba ta buɗe ba. Da ƙyar ya yarda, don yankan yana nufin an rasa 'ya'yan shekarar. Ni na matsa masa, na ce itacen da ke mutuwa me ake yi wa rowa.

Na je da kaina na ga abin da take yi, don ka san ni ba a ba ni labari. Wani ɗaki ne mai sanyi, ba a shiga da takalmi, an jera kwalabe a kan kanta. Ta yayyanka hudar nan ƙanana-ƙanana, ta ɗora kowanne a kan wani abu mai kama da kafaffen koko, an gauraya shi da sukari da garin gawayi, aka rufe aka ajiye a duhu. Na ce mata wannan ai aikin bokaye ne, sai dai ba a ce a kawo baƙin zakara ba. Ta yi dariya ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce jikin itace ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da tsarin itacen gaba ɗaya, tun daga saiwa har 'ya'ya, sai dai an ba kowace aikinta: wannan ta zama ganye, waccan ta zama fure, ta manta da sauran. Aikinsu shi ne su sa ƙwayar ta saki aikin da ta saba, ta koma jaririya, wadda za ta iya zama komai. Na ce to Allah mai iko, mu da muka tsufa da hali ɗaya da ma za a samo mana irin wannan.

Inda aka samu matsala shi ne abin da ke sa ƙwayar ta mance. Bayan wasu watanni Yaya ya je cin kasuwar Aliero, ya biya ya ga kwalaben. Ba tsiro ba saiwa, sai wasu gudaji farare kamar dambu. Ya tambaye ta wane irin taki take ba su. Ɗiyarka, da ba ta iya ɓoye gaskiya ba, ta ce masa a cikin abincinsu akwai ɗigon maganin nan da ake fesa wa shinkafa don kashe ciyawa. Mas'ud, da ta sani da ta yi shiru! A shekarar ce Yaya ya yi asarar rabin irin albasarsa, saboda an yi masa feshi da tankin da aka yi aikin shinkafa ba a wanke ba, ganyen ya murɗe ya kwanta. Mutumin da ya ga haka da idonsa kuma a ce masa wannan maganin ne ake ba dabinon uwarsa? Ya ce guba ce, ya san ta, ya san warinta. Ta yi ta rantsuwa cewa abin da ta sa bai kai ƙwayar gero a cikin randa ba, kuma da yawansa ne yake kisa, kaɗan ɗinsa tayar da ƙwaya yake yi ta yi ta rabuwa. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ya kafe sai an ba shi kwalaben ya wanke gudajin ya sa a ƙasa, tunda ƙasa ce uwar kowane tsiro. Ta ce ko murfin aka buɗe a waje sun mutu. Don a zauna lafiya na sa ta ba shi guda ɗaya. Ya kai Kimba, ya wanke da ruwan rijiya, ya haɗa masa takin awaki mai kyau, ya yi masa rumfa. Kafin mako ya ruɓe. Maimakon ya ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba, sai ya ce ga shaida nan, guba ta riga ta cinye shi. Ya hana a sake yankar huda. Da iska ta zo ta kayar da itacen kuwa, sai ya ce yankan da aka yi masa ne ya raunana shi. Ya daina amsa gaisuwar Fadila. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don ni na riƙe yarinyar nan tun tana rarrafe, kuma na san saboda Inna take yi. Ranar da aka sassare gangar jikin itacen na shiga ɗaki na yi kuka kamar ranar da aka fita da Inna.

Daga nan babu sauran dabinon Inna a duniya sai abin da ke cikin kwalaben, su ma kullum raguwa suke yi. Wasu fumfuna ta kama su, wasu suka yi baƙi, wasu suka yi ruwa-ruwa, ta ce irin waɗannan ko shekara goma za su yi ba za su zama komai ba. Masu fari da warwashi su ne abin fata. Ni kaina zuciyata ta fara karaya, na tambaye ta yaushe dambun nan zai zama itace. Ta ce sai an yaye shi. Muddin yana shan maganin, zai yi ta ƙaruwa ne kawai ba siffa. Sai an janye masa, an mayar da shi kan abinci marar magani, an fito da shi haske, sannan zai tuna cewa shi dabino ne. Ta yi hakan, muka zuba ido. Rannan sai ga ta a gida ba sallamar kirki, ta ja ni har Aliero. A jikin gudajin ga wasu 'yan abubuwa dogaye kamar ƙwayar shinkafa. Ta ce kowanne daidai yake da ɗan idon da ke cikin ƙwallon dabino wanda ke tsira, sai dai shi ba a yi barbara aka same shi ba, don haka ba shi da gaurayen wani namiji, uwarsa zalla ya ɗauko. Sannu a hankali suka yi kore a sama, suka saki saiwa a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba, mu kam mun daɗe.

Da aka fitar da su daga kwalba zuwa tukwanen ƙasa, da yawa ba su jure ba. Biyar suka tsaya, kowanne ya kai kamu ɗaya, ganyensa tsaye. Ranar Juma'ar da ta wuce muka ɗauki biyu muka kai Kimba. Yaya yana bakin rijiya, ya dube su ya kau da kai. Ya ce shi ba yaro ba ne, ƙwallo aka shuka a tukunya don a rufe masa baki, ya shuka irinsu sun fi a ƙirga. Fadila ta tura masa tukunya ɗaya gabansa. Ka san duk dabinon da ya fito daga ƙwallo, ƙwallon yana nan maƙale a ƙarƙashinsa. Sai ya tsuguna ya sa yatsa yana tone ƙasar a hankali, ya bi gefe ya bi ƙasa, har ya zazzage ta a tafin hannunsa ya murje. Babu ƙwallo, sai fararen saiwoyi. Ya jawo ta biyun ya yi mata haka. Ya daɗe a tsugune bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce ashe dabinon Inna ya bar baya. Sannan ya daka wa Fadila tsawa wai ta tsaya tana kallonsa saiwa tana shan iska, ta miƙo ruwa. A wajen Yaya ka san wannan shi ne ban haƙuri, ita ma ta sani, tana zuba ruwan tana share hawaye.

Ban ce maka an gama ba. Fadila ta ce sai sun yi shekaru kafin su haihu, kuma ba za ta rantse a kan zaƙinsu ba sai an ɗanɗana, don wani lokaci akan samu wanda ya bauɗe. Amma ni dai nauyin da ke ƙirjina ya sauka, ina barci yanzu. Yaya ya kewaye biyun da ƙaya, ya ce cikin sauran ukun ɗaya za a kai Maiyama gidan kawunnanmu, ɗaya nawa ne. Na biyar ɗin ya ce naka ne, kuma ba mai dasa shi sai kai da hannunka. Fadila ta ce tukunyar ba za ta riƙe shi ya wuce damina mai zuwa ba. To ka ji, ka san yadda za ka yi da kasuwarka.

Ka gaishe mini da Iklima da kyau, da Abdussalam da Lubna, ka ce Gwaggo tana sa masu albarka. Yaya Magaji yana gaishe ka, Altine da maigidanta suna gaishe ka, haka Gudiya ta Sabiyal. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Uwani.